Wankan Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana so in duba mata tukunya sai ta kalli bango ta ce, "Wasu dai sun baje kamar ba su ji miya na ƙonewa ba." Ni ce wasun. Ban taɓa jin haushi ba, don duk 'yan fari na ƙauyenmu, can gefen Zango, haka ake yi musu. Har aka kawo ni Daura gidan miji, na haihu, na kafa keken ɗinki a tsakar gida, in na je ganin gida maganarta da ni ta bango take biyowa.

Shekarun baya an yi wa Inna aiki a asibiti a Katsina, aka cire mata nonon hagu saboda ciwon daji. Daga ni sai ƙanwata sai Baba, Allah ya jiƙansa, muka sani. A ƙauye cewa aka yi ta tafi jinyar wata 'yar'uwa. Da ta dawo tsumma take dunƙulewa ta cusa a riga. Na gani na kasa haƙuri, na ɗinka mata ɗan matashi daidai wurin, na ajiye a kan gadonta ban ce komai ba. Ita ma ta ɗauka ba ta ce komai ba. Kada ku tambaye ni abin ɓoyewa a ciwo, ku da kuka san mutanenmu. Wannan ta ce jifa ne, waccan ta ce sammu, sauran su bi ka da "ayya" har ka mutu. Inna kuwa mace ce mai ji da kanta, gara ka ji tsoronta da ka ji tausayinta.

A ƙauyen akwai tsohuwa ɗaya da ke wanke gawar mata, kowa Iya yake ce mata. Ba muguwa ba ce, ko da tsakar rana aka kira ta za ta ajiye abin da take yi ta zo. Amma bakinta! An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to na Iya don tuwon kawai aka yi shi. Wata maƙwabciyarmu ta rasu, kafin a yi sadakar uku har a bakin rijiya an san tana da gyambo a cinya, an san girmansa.

Na je gaisuwar wannan rasuwar. Muna zaune a ɗaki, Inna na tsince wake, sai ta ɗaga kai ta kalli bango ta ce, "Tun da an ce wasu sun shiga makaranta a birni, ai da sun koyo wankan nan. In ta Allah ta kasance su rufa wa mutum asiri, kada a kai shi bakin rijiya."

Ni ma na kalli bangon na ce, "Wasu sun ji." Tun da Inna ta haife ni wannan ne kaɗai abin da ta taɓa roƙona.

Makarantar da take nufi ta matan aure ce, Asabar da Lahadi da hantsi, a wani aji na firamaren unguwarmu da aka ara mana. Dukkanmu mata ne masu abin yi. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa tana gyangyaɗi don daga aiki take, akwai malaman makaranta, akwai mai awara da ke shigowa da ƙaurin mai a hijabi, ga ni kuma da zare a jikin zane. A fara da tauhidi, a ɗan huta, a shiga fiƙihu. Ni don gyaran sallata na shiga, amma daga ranar nan sai karatun ya zame mini wani abu daban. Da na dawo na buɗe littafin fiƙihunmu na yi ta lalube har na gano babin jana'iza. Yana can bayan tsarki da alwala da salla da gyaran mantuwa da sallar Juma'a da ta idi. Na ce ba nisa, kafin shekara ta zagayo mun kai.

Ashe ban san makarantar manya ba. Damina na sauka rabin aji ya watse, wannan ta tafi ƙauye dafa wa masu noma, waccan maigida ya hana don hanya ta yi taɓo. Azumi ya zo a rufe. Bayan azumi ga ɗinkin babbar Salla, a nan kam ni ma ba a ganina, ba zan ɓoye ba. Sai an gama kaka, sai ka ga sababbin fuskoki da sababbin hijabai sun cika benci. Malamarmu baiwar Allah ce mai sanyin hali, sai ta dube su ta dube mu ta ce, "'Yan'uwa, mu ɗan koma baya mu ɗauko su, ba a barin ɗan'uwa a hanya." Mu koma babin tsarki. Ruwa mai tsarki mai tsarkakewa, ruwan da launinsa ya canja, ruwan da ɗanɗanonsa ya canja, ruwan da ƙanshinsa ya canja. Wallahi na san ruwa fiye da 'yan ga-ruwa. Mu lallaɓa mu kai alwala, mu taɓa salla, sai hadari ya haɗo a gabas.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, ran nan na ɗaga hannu. Na ce, "Malama, don Allah ko za a tsallaka mana zuwa babin wankan gawa, daga baya mu dawo?"

Kai, kamar na jefa maciji a ajin. Wata ta ce, "A'uzubillahi! Wa kike yi wa fata?" Wata mai tsohon ciki ta dafe cikinta ta ce, "Haba baiwar Allah, ki dube ni fa. Yau ko gobe nake, za ki ja mana zancen likkafani?" Aka yi dariya, aka yi tsaki. Malama ta tsawatar, sannan ta juyo gare ni da murmushinta ta ce ba a fara gini daga rufi, wanda bai gama sanin wankan rayayye ba ina shi ina na mamaci. Ta ce, "Ki yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa."

Na ce ƙasa-ƙasa, "Sai dai a daɗe ba a je ba." Mai awara ta ji ta zungure ni.

Da aka tashi Malama ta tsayar da ni a ƙofa ta ce, "Lafiya dai ko? Akwai mara lafiya ne a gida?" Na ce lafiya lau. To me zan ce? Inna garau take a lokacin, ita ke surfenta da kanta. Dalilin gaggawata kuwa shi ne ainihin abin da aka ce in rufe. In na faɗa wa Malama don ta taimake ni, ai na riga Iya kai shi rijiya. Na tsaya ina murza gefen hijabi kamar wata sakarya, ta dafa kafaɗata ta wuce.

Za ku ce ga waya, me ya hana ni saurare? Na saurara. Wannan malamin ya ce a fara da kaza, wancan ya ce a'a, wani ya yi ta jero Larabci har na ɓace. Mu kuma an tashe mu a kan cewa karatu gaban malami ake ɗaukarsa, a biya maka ka biya, a gyara maka. Sai tsoro ya kama ni. In na tsinto abu a waya na je na yi wa uwata wankan da bai inganta ba fa, aka binne ta a haka? Na ce bari dai in jira a kai wurin, in ji daga bakin Malama in san na riƙe.

Muna gab da gama gyaran mantuwa aka yi wa mijin Malama canjin wurin aiki, ta bi shi. Aka kawo mana wata yarinya da ta gama jami'a, mai ƙoƙari ce, ba zan ci amanarta ba. Ranar farko ta ce tana so ta san matsayin kowa, don haka za mu faro daga farko. Na ce, "Malama, wane farkon? Na ruwa?" Ta ce e. Na tattara littafina na fita, na yi watanni ban leƙa ba. Maigidana ya ce, "Fushi da makaranta ai fushi da kai ne." Na ce ya bar ni da abin da ke damuna. Daga baya dai na sauko na koma, don ba ni da wata makarantar. Wannan karon aji ya ɗan riƙe. Muka wuce alwala, muka wuce salla, har muka taɓa sallar Juma'a. In na je gida Inna ba ta tambaya, amma ina ganin yadda take satar kallon jakata.

Ba ma tsohon ciwon ne ya ɗauke ta ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, har ƙanwata ta ce mini kada in taso, ta ji sauƙi ta sha kunu. Washegari da sassafe ina shimfiɗa atamfa zan yanka, waya ta yi ƙara, na ji kukan ƙanwata kafin ta ce komai.

Na shiga motar Zango, daga can na hau babur. Kafin in isa maza sun cika ƙofar gida, an ce har an gama haƙa kabari. A tsakar gida ruwa na kan wuta, an daka ganyen magarya, ga Iya a bakin ɗakin Inna tana ɗaure zane. Na nufi ƙofar kai tsaye. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tare ni da hannu ta ce, "Ke ina za ki? 'Yar fari ce za ta ga tsiraicin uwarta? A ina aka taɓa yi?"

Na ce, "Gwaggo, ita ta ce ni zan wanke ta. Wasiyya ce."

Ba mai wasa da wasiyya, kuma duk sun san ina zuwa makaranta. Gwaggo ta sauke hannunta ta ce, "To, in wasiyya ce ba mai hana ki. Kin iya?"

Da a ce na ce e, wallahi da ba wanda zai tare ni. Na buɗe baki. Daga waje wani ya ɗaga murya ya ce rana na yi, a hanzarta. Na tuna uwata ce kwance a ciki, kuma wankan da ba a sakewa ne. Na ce, "Ba mu kai wurin ba."

Gwaggo ta ɗauki ƙwaryar zuba ruwa. Na riƙo hannun Iya na raɗa mata, "Iya, don girman Allah, abin da kika gani a ciki ki bar shi a ciki." Ta ce, "Haba 'yata, ni?" Suka shiga suka saki labule. Na zauna a gindin turmi na haɗa likkafani da allura da zare, shi kaɗai na iya yi mata.

Ranar sadakar uku wata mata daga unguwar gabas, wadda ko gaisawa ba mu cika yi ba, ta durƙusa gabana ta kama hannuna biyu. Ta yi addu'a mai kyau, sannan ta rage murya ta ce, "Ashe haka baiwar Allah ta yi ta fama da nono guda ba wanda ya sani? An ce har da ɗan matashi take sawa. Ayya! Ayya, Inna!" Matan da ke gefe suka sunkuyar da kai, na gane duk sun riga sun ji. Na zare hannuna na shige ɗaki. Na so in fita in shaƙe Iya, Allah na tuba.

Bayan arba'in na koma makaranta, don zaman gida ya ishe ni. Ba a jima ba aka kai babin. Malama ta zo da 'yar tsana da zane da buta. A rufe al'aura, a matsa ciki a hankali, a yi mata alwala, a wanke dama sannan hagu, da magarya, a ƙare da kafur, a kitse gashi. Ta ce mai wanka amana aka ba ta, abin da ta gani na aibu ta tafi da shi kabarinta. Ta maimaita, ta sa biyu daga cikinmu suka gwada. Ko hutun tsakiya ba a fita ba ta ce, "Akwai mai tambaya?"

Na ce, "Malama, shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan. Ai ba shi da wuya."

Ban san lokacin da na kifa kaina a kan benci ba. Abin da zama ɗaya ya ishe shi, shi na yi shekaru ina jira a bayan babin ruwa. Har yau in na tuna sai in ji haushin ajin, da haushin masu tsaki, da haushin haƙurin da na yi, kuma ba ko ɗaya da ya rage mini zafin.

Yanzu a unguwarmu in mace ta rasu ni ake turo wa. In tashi daga kan keke, in wanke hannu, in tafi. Na ga abubuwa da yawa a jikin bayin Allah, ko maigidana bai taɓa jin ɗaya ba. 'Ya'yansu kan biyo ni har ƙofa suna sa mini albarka, in amsa musu da amin. Uwar kowa na rufa wa asiri, ban da tawa.