Goshin Angon Goggo Saratu

Bana shekara goma sha takwas da rasuwar Goggo Saratu, ƙanwar mahaifina, mai sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Duk sanda waya ta nuna mini fuskar wani daga nesa, ita nake tunawa.

Ɗanta Ishaku yana karatu a ƙasar waje matarsa ta haifi namiji. Ya yi waya ya ce ya turo hoton ta intanet. A lokacin sai mutum ya je shagon kwamfuta a Samaru, ya biya da tsada, ya bi layin ɗalibai. Ni aka ɗora wa rakiyar Goggo.

Goggo ta ci ado kamar mai zuwa biki, wai angonta za ta gani. Ta ƙullo sabulu da zanen goyo. Na ce, "Goggo, hoto ne fa kawai." Ta harare ni ta ce, "Ke, a gidanku ake zuwa barka hannu rabbana?" Haka ta ajiye ƙullin kusa da kwamfutar mutane, ɗalibai suna ta ƙunshe dariya.

Yaran yanzu ba za su yarda ba, amma hoto a zamanin nan daga sama yake saukowa, kaɗan-kaɗan, kamar ana warware tabarma. Hular saƙa ta fito, goshi ya biyo baya. Ana gab da gira aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareto layin ya tafi, kuma bai dawo ba ranar. Ni na cika na batse, ita kuwa dariya take yi. "Goshin kakansa ne sak. Wannan ango zai yi taurin kai."

Mun sake komawa shagon, aka ce layi babu ƙarfi. Daga nan ciwo ya kwantar da ita. Hoton da aka turo ta gidan waya sai bayan jana'iza ya iso. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Da tana nan, da ta ga jikanta Dauda yana magana a tafin hannuna, na san sai ta gyara ɗaurin kallabi tukuna. Amma ba za ta yi shiru ba in ta ji cewa a ƙauyen da nake koyarwa, bayan Shika, har yanzu tsofaffi tudu suke hawa suna ɗaga waya sama, hoto yana tsaya musu a rabi. Cewa za ta yi, su ba su da jikoki ne? Ina roƙon masu shimfiɗa layukan nan su kai shi can, da farashin da mai sayar da ƙosai za ta iya.

Dauda ya zama saurayi, kuma taurin kan na nan. In ya kira yakan riƙe wayar a karkace, sai goshi nake gani. Nakan ce masa, "Sauko da ita, ɗan nan. Ni da Goggo muke kallo."