Tsummokaran da Na Cusa a Bangon Inna

Wata Lahadi ce cikin damina, ina 'yar shekara tara, aka yi sunan ƙanena Sani a gidanmu na unguwar New Bell. Tun asuba ruwa yake dukan kwano, lambatun da ke bin bayan ɗakin Inna ya cika ya tumbatsa, ya kwaso dattin unguwa kaf. Da yake tsakar gida ta zama tafki, mata duk suka dunƙule a ɗakin mai jego, wasu kan gado, wasu kan tabarma, gwiwa na gugar gwiwa. Tagar katako guda ɗaya ce, ita ma a rufe, don an ce kada sanyi ya shigi Inna. Abin da ya rage wa ɗakin na shan iska shi ne bulo mai huji guda shida a saman bango.

Ni aka ɗora wa kula da kaskon turaren wuta, kuma ranar ko carafke ban kalla ba, sai yanga nake da sabuwar atamfata. Can sai ga Tanti Rabi, matar kawuna da ke aikin ofis a unguwar Bonanjo, matar da nake ganin duk duniya babu ɗan gayu kamarta. Tana zama ta yamutsa hanci ta ce da Faransanci, "Mais ça sent, hein!" wato ɗakin yana wari, ta ƙara da, "Yaya kuke rayuwa a nan?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na lallaba na taka akwatin Inna, na kwaso tsummokaran goge-goge, na cusa a hujin nan ɗaya bayan ɗaya har babu inda warin lambatu zai biyo. Sannan na ƙara garwashi, na zuba turare cikin tafin hannu har sau biyu. Hayaƙi ya turnuƙe, mata suna ta cewa wannan turare na Inna ba dai ƙamshi ba, ni kuwa kai ya kumbura.

Akwai Goggo Ladi, yayar babana, a takure can lungun gado. Kowa ya san tana da ciwon fuka, har da ni, don ni nake ɗebo mata ruwa a famfo saboda ba ta iya ɗaukar bokiti. Idonta na kaina lokacin da nake kan akwatin. Ta kira ni a hankali, "Binta, ɗan rage mana wutar nan." Na ji ta sarai, amma na juya baya ina miƙa wa Tanti Rabi farantin makala, wato fanke. Ba a jima ba ƙirjin Goggo ya fara kuka kamar usur, ta dafe bango, leɓɓanta suka sauya launi. Ɗaki ya kaure da salati. Aka ciccibe ta cikin ruwan nan zuwa bakin titi, babana ba ko takalmi yana tsayar da tasi.

Kwana uku ta yi a asibiti. Kowa ya ɗora wa damina laifi, ni kuma tun kafin la'asar na zare tsummokaran na jefa a lambatu. Da aka sallamo ta na kai mata ruwa ina jiran tonon asiri. Ta sha, ta dube ni ta ce, "Ɗaki ma numfashi yake yi, 'yata. Wari bai taɓa kashe kowa ba." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gaya wa Inna ba. Da ma dukana ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu a ofishinmu akwai 'yar na'ura a bango da ke nuna ja idan iskar ɗaki ta gurɓace, sai a buɗe taga. Na sayi irinta, da wata mai tace iska da ake ɗauka a hannu, duk sunan da za a yi a dangi sai na je da su. Ƙannena suna tsokanata wai Madam Iska ta iso, ina dariya, ban taɓa gaya musu dalili ba. Su gani suke sai fitila ta yi ja ake sanin ɗaki ya toshe. Ni kuwa an taɓa gaya mini da baki, har da sunana, na juya baya.