Ranar da Hannun Mai Fitila Ya Ƙi

A layin masu kayan lantarki, bayan shagon mai sayar da fanka, akwai wata 'yar ƙofa da sai mutum ya karkata kafaɗa yake shiga. Nan Mai Fitila ta shekara talatin da ɗaya tana aiki. Ba fitilar take ƙerawa ba, hularta take yi. Takan yanka gilashi mai launi ƙanana-ƙanana, ta naɗe gefen kowanne da siririn tef na jan ƙarfe, ta jera su a kan ƙoƙon katako, sannan ta bi tsakaninsu da narkakkiyar dalma har su kama juna. In aka kifa hular a kan ƙwan lantarki, sai ɗaki ya canza kama.

Wurin mahaifinta ta koya. Shi kuma ya koya ne a wani tsohon kamfani mai yi wa manyan gidaje tagogi, tun wutar lantarki na sabon shigowa gari, mutane na kukan ƙwan yana kashe musu ido. Yakan ce shi tarbiyya yake yi wa haske. Ƙaninta Auta aka so ya gaji sana'ar, amma ya ce warin dalma na sa shi ciwon kai, ya gudu ya koyi gyaran rediyo, daga baya ya koma gyaran waya. Abin dariya, can ma dalmar ya tarar. Da tsohon ya rasu, Auta ya kawo shawarar a sayar da shagon, ita kuwa ta yaɓa masa maganar da har yau take jin nauyinta. Tun daga nan sai gaisuwa a gidan suna ko na rasuwa.

Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta mata biyu bayan mutuwar mijinta, har suka yi aure suka yi nisa. Fitilun roba masu canza launi suka cika layin, masu zuwa wurinta suka ragu, ko gezau ba ta yi ba. Jikinta ne ya fara ba ta kunya. Ciwon ciki, mantuwa, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki. Wata safiya ta kai hannu za ta ɗauki kofi, sai wuyan hannun dama ya lanƙwashe ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Likita ya dubi takardar gwajin jini, ya dube ta.

"Mama, dalma ce ta taru a jikinki. Ki rabu da ita."

"Har zuwa yaushe, ɗana?"

"Har abada. Hannun zai iya dawowa, zai iya ƙi."

Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum takan buɗe shago, ta share, ta zauna da hannun a ƙarƙashin mayafi.

Tana nan zaune wata Talata sai ga wani dattijo, tsohon direban bas, rungume da kwali. A ciki hular fitila ce mai zanen ganyen inabi, gefe guda ya rotse. Kallo ɗaya ta gane ɗinkin dalmar mahaifinta.

"Ta mai ɗakina ce," in ji Direba. "Shekara uku ke nan hankalinta ya gushe. Ba ta gane 'ya'yanta, wani lokacin ni ma sai ta ce wane ne. Amma in aka kunna wannan sai ta natsu, ta ci abinci. Jiya ina goge tebur na ture ta. Tun jiyan ko ruwa ta ƙi sha, sai kuka. Baiwar Allah, ki rufa mini asiri."

Bakinta ya buɗe zai ce ba za ta iya ba. Abin da ya fito shi ne, "Ka dawo jibi, Baba."

Guda goma sha ɗaya suka fashe: kore bakwai, ruwan zuma huɗu. Koren tana da shi. Ruwan zuman kuwa saura falle ɗaya tak, bai fi tafin hannu biyu ba, kuma an daina kawo irinsa tun tuni. Ta kama abin yanka da hagu. Hagun ba ta san nauyin da ake dannawa ba, kore uku ta ɓata kafin ɗaya ya fita daidai. Ta yini a kan guda bakwai, aikin da a da ba ya kai ta awa guda.

Washegari ta ɗauko ruwan zuman. Ta yi bismilla, ta ja layi. Na farko ya fita, na biyu ya fita. A na uku gilashin ya yi ƙas, tsagar ta bi inda ta ga dama, fallen ya rabu gida biyar. Ta tsaya tana kallonsa. Ta zazzage akwatin guntaye a ƙasa, ta durƙusa tana tonawa, tana ɗaga kowanne ga hasken ƙofa, har yatsunta suka yi jina-jina. Babu. Mafi kusa shi ne wani ruwan goro mai duhu. Da shi ta cike gurbin biyun da suka rage.

Saura liƙi. Ta jona ƙarfen narka dalma, ta ɗaure shi a hannun dama da tsumma, ta tallafe da hagu. To wa zai riƙe dalmar? Ta saka sandar dalmar a baki, ta ciza, ta sunkuya. Hayaƙin ya doki idonta, ƙarfen ya zame ya kwanta mata a kan babban yatsan hagu. Ta yi ƙara, ta fizge wayar daga bango. Ta zauna daɓas a ƙasa cikin guntayen gilashi, ƙarfen na nan ɗaure a hannunta, ta yi kukan da ba ta yi ba ko a gaban likita.

Mai fanka ya leƙo. "Lafiya, Gwaggo?"

"Lafiya lau. Zo ka kwance mini wannan."

Da la'asar ta rungumi kwalin ta ratsa kasuwa zuwa rumfar masu gyaran waya. Auta na duƙe kan wata waya, furfura ta cinye masa gemu. Ya ɗago ya gan ta, ya miƙe tsaye.

"Yaya? Wa ya mutu?"

Ta ajiye kwalin, ta zaro hannun daga mayafi ta ɗaga masa. Hannun ya rataya. Auta ya daɗe yana dubansa.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

"Wata huɗu, Yaya! Ni kare ne da ba za a gaya mini ba?"

"Ka yi faɗan daga baya. Yanzu hannunka na zo aro."

Ya kulle rumfa ya bi ta. Ya sa ta zauna a bakin ƙofa inda hayaƙi ba zai same ta ba, tana ba da umarni daga nesa. Hannunsa ya saba da ɗigon dalma kamar ƙwayar gero, nan kuwa layi ake ja mai kauri.

"Kana tsoronta ne? Zuba mata! Kar ka tsaya wuri ɗaya, gilashin zai tsage."

"Shekara hamsin gare ni, har yanzu tsawa ake mini."

"Ja hannunka, sarkin surutu."

Liƙin ya fito da ƙuraje, wani wuri tudu wani kwari. Ta so ta ce a sake, ta haɗiye.

Ranar Alhamis da hantsi suka kai fitilar da kansu, don Direba ya aiko cewa ba zai iya barin matar ba. Ɗakin ƙarami ne, labule a sake. Tsohuwar na kwance ta juya wa ƙofa baya, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage. Direba ya jona fitilar. Kore da ruwan zuma suka bazu a bango, da tabo biyu masu duhu a tsakiya.

Tsohuwar ta juyo a hankali. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya taɓa mini ita?" ta ce. "An ɓata ta."

Direba ya matso da kofi bakin matar, yana lallashi. Ta kau da kai sau biyu. A na uku ta kurɓa, idonta na kan bangon, ta sake kurɓa.

Ita ce fitila ta ƙarshe da ta fita daga shagon. Kafin wata ya ƙare Mai Fitila ta miƙa wa mai fanka makulli, ya mai da wurin ma'ajiyar kaya. Auta ya kwashe ta zuwa gidansa, matarsa ta gyara mata ɗakin baƙi. Hannun bai dawo ba, sai ɗan motsin yatsu biyu. Duk Litinin Auta kan goya ta a babur zuwa asibiti gashin hannu, suna tafe suna musu a kan hanyar da ta fi kusa.