Kududdufin Dubagari

A Dutsin-Ma akwai wani kududdufi da har yau tsofaffi ke kira da sunan aikina. Kududdufin dubagari, haka suke cewa. Ko diga ban ɗaga a wurin ba, amma nawa ne, ba na musu.

A farkon shekarun sittin aka ba ni aikin dubagari, wato mai zagaya unguwanni yana duba tsafta. Na yi kwas na 'yan watanni a birni, na dawo da wandon kaki da wani littafi mai hoton sauro wanda ya fi tafin hannuna girma. Abu ɗaya na riƙe daga karatun nan: kwantaccen ruwa shi ne gidan sauro, sauro kuma shi ne zazzaɓi. Na haddace shi kamar karatun sallah. Ina leƙa randunan mutane, ina kifar da kaskon kaji. Mata in sun hango ni sai su hau ɓoye tukwane, ni kuwa ina jin kaina ya kai rufin soro.

A gidan Gwaggo nake zaune, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata. 'Yar Kurfi ce, aure ya kawo ta Dutsin-Ma, mijin ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da rumbu da rijiya da zogale uku. Daddawa take yi. Gidan shi ne na ƙarshe a gangaren unguwar, daga shi sai kududdufi.

Kududdufin rami ne da aka yi shekara da shekaru ana ɗibar ƙasar gini a cikinsa. Da damina ruwan indararon kowane soro yakan bi lungu ya gangara can. Da rani in ya ƙafe, maza su shiga da diga su haƙi ƙasa, su kwaɓa, su yaɓe katangunsu kafin ruwa ya sauka. Duk wannan a gaban idona na tashi ina gani. Amma da na dawo daga kwas, koren ruwa da kwaɗi kawai nake gani.

Daminar shekarar nan yara sun sha zazzaɓi ƙwarai. Da kaka ta yi, na ɗauki littafina na je wurin mai unguwa, na buɗe masa hoton sauron. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai taɓa ganin mugun abu irin wannan ba. Aka yanke cewa za a yi gayya a cike kududdufin.

Mutum biyu ne suka yi magana. Na farko wani tsohon magini ne, wanda rabin sorayen unguwar hannunsa ne. Ya tare ni a ƙofar masallaci bayan azahar.

"Malam, in ka cike shi, ƙasar yaɓe hwa?"

Na ce, "Baba, ƙasa ai ta cika bayan gari."

"Ta cika. Wa ke da jakin ɗauko ta? To ruwan kuma ina za shi?"

Na ce ruwa zai nemi hanyarsa ya fita gari. Ya ce lalle zai nema, ya sa takalminsa ya tafi.

Ta biyu Gwaggo ce. Tana tsince kalwa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai da ka yi karatu, an hwaɗa maka inda ruwa yake kwana?"

Na yi dariya, na ce, "Gwaggo, ruwa ba baƙo ba ne da za a nema masa masauki."

Ta ce, "To."

Mako uku muka yi. Jakuna suka yi ta jidar juji da sharar kasuwa da ɓaraguzai, makaɗi yana zuga samari. Ranar da aka gama na tsaya a tsakiyar filin na buga ƙafa, ƙasa ta amsa. A raina har na ga yara suna wasa a wurin.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, shi ya sa ban haɗa shi wuri ɗaya ba. Rijiyar Gwaggo ta ƙafe tun rani bai yi nisa ba, abin da ba ta taɓa yi ba, ita da rijiyoyin maƙwabta. Na ce zafin bana ne. Lokacin yaɓe ya zo, masu hali suka ɗauko ƙasa daga bayan gari, saura suka ce sai baɗi. Gwaggo tana cikin saura. Ta yi mini maganar katanga sau biyu, ni kuwa ina can ina zagayen ƙauyuka har Kuki, ina kifar da kasake.

Ruwan farko da na biyu suka kwanta a lungu, suka janye. Cikin Agusta aka wuni ana ruwa tun hantsi. Ruwan indararon unguwar duka ya biyo hanyar da ya saba, ya iso inda ya saba shiga, ya tarar da fili. Sai ya juya ya nemi inda ya fi kwari, gidanmu ke nan.

Da la'asar na iso. Ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, ƙwaryoyin daddawa suna yawo a kai. Maƙwabta sun riga sun fitar da Gwaggo, tana zaune kan turmi a zauren wani gida da ke tudu. Muna tsaye katangar baya ta zauna. Ba ta yi ƙara ba, sulalewa ta yi. Ɗakin Gwaggo ya bi ta, rumbu ya bi ɗakin.

Mutane suna salati. Ni ban ji komai ba, wallahi. Na tuna ina kallon wandona ina tunanin zai daɗe bai bushe ba. Na jira baƙin ciki ya zo, ko kunya, ban ga ko ɗaya ba. Tsohon maginin yana gefena, ya dube ni ya kau da kai, da ma ya zage ni.

Ranar kasuwa na sa Gwaggo a mota na kai ta Kurfi, gidan ƙaninta, baffana. Aka ba ta ɗaki kusa da turken awaki. Na ce mata da rani zan tayar da gidan. Ta ce Allah ya kai mu.

Da rani ya zo, maƙwabtan da katangunsu suka zube suka same ni. Ƙasar tsohon gini ta fi kowace kyau, ga ta kuma a kusa, ko zan bari su ɗiba? Na ce su ɗiba. Suka kwashe ɓaraguzan gidan Gwaggo, suka ci gaba da haƙa ƙasa a wurin, ban hana ba. Damina ta sauka, ruwa ya shiga ramin ya kwanta, bai ƙara shiga gidan kowa ba. Cikin shekara uku rijiyoyin unguwa suka dawo, kwaɗi suka dawo. Sauro da ma ba inda ya je.

Yanzu garin ya faɗaɗa, ana cike kududdufai ana yanka filoti ana ɗora bulo. Yara masu takardu sun fi ni karatu nesa ba kusa ba. Wani lokaci nakan tsaya in tambaye su ruwan ina za shi, su ce akwai tsari, Baba. Sai in sa takalmina in wuce.

Gwaggo ba ta sake taka Dutsin-Ma ba. Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta, na same ta a inuwar katanga, idonta ya yi rauni. Ta tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi zogalenta, na ce babu. Ba ta tambayi ginin da na yi mata alkawari ba.

Can ta ce, "Ɗana, ruwan nan ya samu wurin kwana?"

Na ce, "Ya samu, Gwaggo."

"Ina?"

Na ce, "A ɗakinki."

Ta gyaɗa kai, ta ce, "To madalla. Ka bar shi nan, kada ka tashe shi."