Taɓaryar Marka

Marka 'yar makiyaya ce daga Guéné, kuma duk wanda ya taɓa shan fura a kasuwar Malanville ya san ƙwaryarta. Zana ɗaya ce ta raba gidana da nata shekara da shekaru. A layinmu turmi ne gaisuwar safe. In hantsi ya yi ba a ji dakan mace ba, sai maƙwabta su leƙa su ga ko lafiya.

Sai ɗanta Boubakar ya yi kuɗi da fiton manyan motoci a duwan, wato kwastan. Ya gina gida a bayan gari, unguwar manya, inda mangwaro da dalbejiya suka rufe sama, katanga ta fi raƙumi tsawo, tsuntsu kaɗai ke da izinin buɗe baki. Ya zo ya ɗauke uwarsa, wai ta huta. Har guɗa muka yi mata, mu sakarkaru.

Ta tafi da turminta. Ba ta daɗe ba maigadin maƙwabta ya buga ƙofa, wai uwar ɗakinsa, Madam, ta ce daka na hana ta barcin safe. Boubakar ya ji kunya, kunyar da bai taɓa ji ba lokacin da taɓaryar nan ke ciyar da shi har ya gama lakwal, wato makarantar boko.

"Inna, nan ba a daka," in ji shi. "Ga injin niƙa na sawo miki."

Marka ta ce, "To in ban yi daka ba, ƙaƙa za a san na kwana lahiya?"

Ya yi dariya, ya kulle taɓaryar a ɗakin ajiya. Ita ta ba ni labarin da bakinta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Lokacin cirar albasa maigadin gidan Boubakar ya tafi gonarsa a Garou, Boubakar da matarsa kuma suna Kotonu. Marka ta zame a bakin famfo, ƙugunta ya karye. Ni kuwa ban san komai ba, na hau kabu-kabu na kai mata gero. Na buga ƙofar ƙarfen nan har hannuna ya yi ciwo, shiru. Sai da na nemo Dogo magini ya haura da tsani.

Tana kwance ƙarƙashin mangwaro, busassun ganye sun zubo mata a jiki, leɓɓanta sun tsage, murya ta tafi. A hannunta akwai ludayin ƙarfe, kusa da ita bokiti duk ya lotsa. Da kira ya gagara, shi ta yi ta bugawa. Allah kaɗai ya san kwana nawa. Mun kai ta asibiti da ranta, amma ba ta fito ba.

Har yau in na tuna bokitin nan, zuciyata tafasa take yi.

Ranar sadakar uku a gidan Boubakar, Madam ta shigo gaisuwa, turare na tashi, ta zauna kan kujera don tabarma ba tata ba ce. Ta dafa ƙirji ta ce mini, "Wallahi Hajiya, ba mu ji komai ba."

Na yunƙura zan yi magana, mata suka taɓa ni, wai gidan makoki ne. Na ture hannunsu.

Na ce, "Kunnenki lahiya lau shike, Madam. Turmi kin ji shi ta bayan katanga, har kin aiko. Bokiti na kinka kasa ji?"

Na juya wurin Boubakar, kansa a ƙasa. Na ce ya buɗe ɗakin ajiya ya miƙo taɓaryar uwarsa, gumbar sadaka za mu daka. A tsakar gidan muka kafa turmin, jikin katangar Madam.