Addu'ar Baba da Jigidar 'Yata

Tun kafin a rufe makarantu hankalina yake kan jigidar 'yata. Jigida ce ta ƙananan duwatsu ja da na ɗaura mata a ƙugu, kamar yadda uwata ta yi mini a unguwar Changli ta Tamale. Ni ban iya karanta katin asibiti ba, amma jigida ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In ta kama jiki, yarinya tana ci. In ta fara sauka, akwai magana. Yarinyar kuwa shekararta huɗu, cin abincinta sai mai haƙuri: ta hura loma, ta juya ta, ta yi mata hira, sannan ta kai baki. Shi ya sa ranar da mijina ya ce bana a ƙauyensu za mu yi dogon hutu, zai kai mu ya dawo unguwarmu Choggu ya ci gaba da tuƙa yalo-yalonsa, keken haya mai ƙafa uku, hankalina bai kwanta ba.

Gidan surukaina babba ne, Kiristoci tun kakanni. Baba, surukina, shi ne katikis, mai koyar da addini, na cocin ƙauyen. 'Ya'yansa maza da matansu suna nan, in hutun damina ya zo kuma sai a kwaso jikoki na Tamale da na Kumasi a juye a tsakar gida, kamar an tone gidan tururuwa. Mutanen ƙauye suna cewa gidan katikis gidan albarka ne. Mutanen gidan sun fi kowa yarda da haka.

Aikin bai dame ni ba. Da asuba mu mata mu shiga daji tsintar kaɗanya, raɓa ta jiƙa mu har cinya. Maza su tafi noman masara da gyaɗa. Yara su ja awaki su ɗaure nesa da shuka, su bi ciyawa suna neman inda zabi suka ɓoye ƙwai. Abin da ya dame ni yana zuwa ne da almuru, lokacin tuwo.

Kashi uku ake yi: na maza, na mata, na yara. Yara duka, daga mai shekara goma sha biyu har 'yata, su kewaye kwano ɗaya na tuwo da ɗaya na miya. A kan miyar ake jera abin daɗin, dafaffen ƙwan zabi da aka rarraba, ko busasshen kifi, ran Lahadi kuma naman zabo. Sai Baba ya miƙe, ya cire hula, ya ce, "Mu rufe ido." Daga nan ya kama hanya. Ya gode wa Allah don ruwan sama, ya roƙa wa masara, ya roƙa wa shugabanni, ya roƙa wa ɗansa na Kumasi, ya bi marasa lafiyan ƙauye gida gida. Kafin ya iso Amin, tuwo ya yi fata.

Ni ba na iya rufe ido in 'yata tana can gefe, Allah ya yafe mini. To, abin da na gani ke nan. Baba yana cewa "Ubanmu", hannuwa suna shiga miya. Manyan yaran su tsame ƙwai su cusa a kumatu, ba sa ko taunawa don kada a ji. Babbar facalata, matar wan mijina, mai jan waƙa a coci, wadda muryarta ta fi ta kowa wajen "I, ya Ubangiji", tana nuna wa ɗanta babban yanki da haɓa. Mijinta ma a kashin maza yana janyo cinyar zabo gabansa da ɗan yatsa, fuska a sama kamar mai ganin mala'iku. A duk tsakar gidan nan mutum biyu ne idonsu a rufe da gaske: tsohon da ke addu'a, da 'yata. Ta haɗa tafin hannu, ta matse ido har goshinta ya tattare. In ta buɗe, sai miya tsura.

Na fara da facalata, a wajen surfe.

"Yaya, yaran nan suna kwashe ƙwai ana addu'a."

"Amarya, ke addu'a kike yi ko gadi?" Ta gyara riƙon taɓarya. "'Yar taki gimbiyar Choggu, a kawo mata cokali da tebur mana."

Na je wurin Mama, uwar mijina. Ta saurare ni tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "A kwanon nan ubanta ya girma. Wanda bai iya hannu ba zai koya." Na kira mijina a waya, sai dariya. "Ni ne gwanin gidan a zamanina," in ji shi. "Bar ta, za ta waye." Wayewar ke nan, a wurinsu.

Na dafa wa 'yata ƙwai ɗaya a ɓoye na ba ta a ɗaki. Washegari facalata ta tsinci ɓawon, ta ɗaga shi a tsakar gida kamar ta kama maye. "A gidan nan ba a ci a ɗaki. Gidan Kirista ne, abin ɗaya na kowa ne." Na kalli bakin da ya faɗi haka.

Har na ce wa yarinyar, "In Kaka yana addu'a, ki ɗan buɗe ido ɗaya." Ta dube ni ta ce malamar coci ta ce Yesu yana gani. Kunya ta kama ni, ban sake ba.

Wata safiya ina yi mata wanka a bayan ɗaki, na ce ta miƙe. Tana miƙewa jigidar ta zame, ta bi cinya, ta bi gwiwa, ta faɗa cikin baho. Ba ta tsinke ba. Na tsamo ta na riƙe.

Ran nan Lahadi ce, an yanka zabi. Da Baba ya ce mu rufe ido, na tashi a hankali, na ratsa tsakar gida, na sunkuya na ɗauke kwanon miyar yara, na ɗora a kaina kamar mai talla. Na tsaya nan. Hannuwa suka zo suka tarar da ƙasa. Idanu suka ɗago, na yara da na manya, duk a kaina. Facalata ta buɗe baki ta mayar. Me za ta ce? Ai idonta a rufe yake. Addu'ar Baba tana can wajen marasa lafiya, wuyana ya fara ciwo, amma na ji daɗin tsawon addu'ar nan karo na farko.

Ɗan facalata ne ya kasa daurewa. Ana cewa Amin ya ce, "Kaka, Amarya ta ɗauke mana kwano ana addu'a."

Baba ya mayar da hularsa. "Kai da wane ido ka gani?"

Yaron ya sha tsumagiya biyu, mu kuma muka sha wa'azi a kan ladabi a gaban Allah. Amma tsohon bai tambaye ni me ya sa na ɗauke ba, ko sau ɗaya. Gidansa gidan albarka ne, ba ya son jin wani abu. Na sauke kwanon, na raba naman da hannuna, na fara da ƙarama.

Haka na yi kowace yamma har hutu ya ƙare. Ba wanda ya tanka a gaban Baba. A bayansa kuwa sunana ya koma "mai tallan miya", facalata har waƙa ta yi mini da shi a wajen daka, da muryar nan tata ta coci. Jigidar na rage mata duwatsu na sake ɗaurawa. Sai da muka dawo Choggu, aka shiga kaka, sannan na mayar da waɗanda na cire.

Mijina ya ce baɗi ma can za mu. Zan je, wuyana yana nan.

Ke da kike karanta wannan, in gidanku yara da yawa ne suke ci a kwano ɗaya, don Allah ki raba musu naman a hannu tun kafin a ce a rufe ido, ki fara da ƙaramin.