Bangon da Ya Raba Ni da Mai Niƙa

Lokacin da maigidana ya rasu, ko ƙofa ban iya leƙawa ba. Mai Niƙa, maƙwabcina a gidan haya, shi yake ɗaukar kwanon hatsina in zai tafi aiki, ya dawo da shi gari, a rufe da ƙyalle. Bai taɓa tsayawa jiran godiya ba.

Tun yana saurayi yake gaban injin wani attajiri. Girarsa kullum fari fat da gari. Ba shi da hayaniya, in ka yi masa magana sai murmushi da gyaɗa kai. Shi ya sa muka yi mamaki ranar da ya shigo da dogon kwali a kafaɗa.

"Baban yara, taɓarya ka sayo mana?" in ji matarsa.

"Sifikar talabijin ce, mai araha. Mai shago ya ce kamar kina sinima."

Ya kafa ta da ƙusa a jikin bango, bangon da ya raba ɗakina da nasu. Ba zan ci amanar sifikar nan ba: in kiɗa ne, ko tsawa, ko mota ta kife a fim, ta iya aikinta, har a ƙirji kake ji. Amma maganar mutane sai ta fito kamar daga cikin tulu. Shi kuwa sai ya ƙara murya. Kwanukana suka koyi rawa a kan kanta. Ina lazimi ina ɓata lissafin carbi.

Wata la'asar na je mayar da rariya. Na yi ta sallama a ƙofarsu, Mai Niƙa bai waiga ba. Yana zaune dab da talabijin, idonsa a kan leɓen mai karanta labarai, tafinsa a kan sifikar. Matarsa ta ja ni gefe.

"Iya, ki rufa mana asiri. Inji ya cinye masa kunne. Mai niƙa da kunne yake gane inji ya fara cin kansa, shi yanzu da hannu yake ji. In maigidansa ya sani, aiki ya ƙare."

Mai gidan hayarmu kuwa aminin attajirin nan ne, tare suke zama.

Ba a jima ba aka kai masa ƙara kan sifikar. Ya tara mu a tsakar gida, makullai na kaɗawa a hannunsa. Telan da ke ɗakin ƙofa ya fara: "Ranka ya daɗe, ko kekena ya fi abin nan ladabi. Jaririna ya daina barci!"

Mai gida ya ce wa Mai Niƙa, "Me za ka ce?" Ya faɗa ne yana duban gefe, don haka Mai Niƙa bai ga bakinsa ba. Sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai.

"Au, dariya ma na ba ka? Ko kurma ne kai?"

Matar Mai Niƙa ta sunkuyar da kai. Mai gida ya juyo gare ni.

"Iya, ke ba kya ƙarya. Yana damunki ko ba ya damunki? In kin ce e, yau zai kwashe kayansa."

Ƙarya ba zan yi ba, da furfurata. Asirin kuma amana ce.

Na ce, "Ana damuna, Alhaji. Amma bango ne ke kawo mini, don a jikinsa aka kafa sifikar. A sauke ta a gani."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "A sauke yanzu."

Tela ya kawo filaya ya cire ƙusa. Aka ɗora sifikar a kan matashi, a teburin da ke kusa da kujerar Mai Niƙa, matarsa ta rage mata rugugi. Mai gida ya shiga ɗakina ya tsaya. Kwano ko ɗaya bai motsa ba. Ya kaɗa makullansa ya fita.

Washegari Mai Niƙa ya zo ɗaukar kwanon hatsi, ya tsaya, abin da bai saba ba.

"Iya," ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya zata, "na daina jin kiran salla. In an kira, ki riƙa buga mini bangon nan. Shi ina jinsa a bayana in na jingina."